Injin huda mai fitila da sansa: kafin ka tura miliyan 9 ƙasar Sin, ina littafin kayan da aka dawo maka da su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shago a Ƙofar Ruwa a Kano, shekara shida ke nan ina sayar da kayan aikin hannu irin su injin huda, giranda da zarto na lantarki. Ƙanin matata da ke zaune a Guangzhou ya turo mini bidiyon wani injin huda mai batir. Yana da fitila a gaba, yana da sansa da ke tsayar da shi idan bakin ya cije, an ce ma idan ya ɗauki zafi da kansa yake mutuwa. A jikin batirin an rubuta 88V. Ya ce kowanne zai iso Kano a kan naira dubu 45, ni kuma ina ganin zan sayar dubu 70. Ina da miliyan 9, ina so in ɗauko guda 200 in riga 'yan layinmu. Ana dawo mini da kaya jefi-jefi, amma ban taɓa rubutawa ba, sasantawa kawai muke yi. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, maganar da ka ajiye a ƙarshe kamar ba ta da nauyi, ita ce ta tsaya mini a rai. Shekara shida kana sayar da injina, ana dawo maka da su, ba ka taɓa rubuta ko ɗaya ba. Ke nan yau idan na tambaye ka wane inji ne ya fi dawowa, me ke lalacewa a cikinsa, bayan wata nawa, kuma a hannun wane irin ma'aikaci, ba ka da amsa sai ta ƙiyasi. Mutumin da bai san abin da ke mutuwa a cikin injin da ya saba sayarwa ba, shi ne yake shirin zuba duk jarinsa a injin da ya fi wancan yawan abubuwan mutuwa. Matsalarka ke nan, ba ƙanin matarka ba, ba dala ba.

Bari in fara da lissafinka, domin na san shi ne ke hana ka barci. Dubu 25 sau 200, miliyan 5. Haka ka buga, haka kowa ke bugawa. Amma wannan lissafin ranar sayarwa ne. A ce guda 20 suka dawo ka canza wa masu su, ka sayar da 180 ke nan, ribar ta koma miliyan 3.6. A ce 40 ne, ta koma miliyan 2.2. A ce kuma kafin ka fara sayarwa maƙwabcinka ya kawo irinsa farashi ya faɗo dubu 58, to abin da zai rage maka bai kai dubu 300 ba, kuma ba mu cire hayar shago da kuɗin yara ba. Wanne ne daga cikin waɗannan zai same ka? Littafin da ba ka da shi ne kaɗai zai iya nuna maka. Haka kuma ba ka gaya mini injin batir nawa kake sayarwa a wata ba, kuma ina zargin kai ma ba ka sani ba. Idan 15 ne, kayan nan za su haura shekara a shagonka.

Shekara guda a shago ba komai ba ce ga guduma ko shebur. Ga batirin litiyum babbar magana ce. Zafi yana cin ƙarfinsa ko ba a taɓa shi ba, kuma ka san yadda shagon kwano yake a Kano a watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa yake haura digiri 40. Batirin da aka bari ya tsiyaye har ƙasa, sau da yawa caja ba ta sake karɓarsa. Na san wani ɗan kasuwa da ya shigo da giranda masu batir, ya jibge su a sito tun daga sanyi har bazara ta wuce. Da ya zo buɗe kwalayen ƙarshe, injinan lafiya lau, fitilarsu ma ƙyal idan aka sa musu wani batirin, amma nasu sun ƙi ɗaukar caji. Batir da caja kuwa kaso ne mai tsoka na kuɗin injin. A farashin gangar jiki kawai ya rabu da su.

Yanzu ga 88V ɗin nan. Wannan lambar ita kaɗai ta isa ta sa ka dakata. Batirin injin huda na hannu yawanci ƙwayoyi biyar ne aka jera, irin waɗanda ake kira 18650. Kowace ƙwaya bolt 3.6 take bayarwa, idan ta cika maƙil ta kai 4.2. Shi ya sa za ka ga wani kamfani ya rubuta 18V, wani ya rubuta 20V Max, wani 21V, alhali duk abu ɗaya ne. Kafin a samu bolt 88 na gaskiya sai an jera ƙwayoyi sama da ashirin. Masana'antar da ta yarda ta buga ƙarya da manyan haruffa a inda kowa ke gani, me zai sa ka gaskata ta a kan sansar da ke ɓoye a ciki?

Ba cewa nake fitila da sansa wasan yara ba ne. Suna da amfani ƙwarai, amma sai ka san mene ne su da kuma wa zai biya kuɗinsu.

Fitilar dai ƙwan LED ne ƙarami, kuɗinsa a masana'anta bai taka kara ya karya ba, kuma yau kusan duk injin batir da ita yake zuwa. Don haka ba za ka riga kowa da ita ba. Inda bambanci yake shi ne wurin da aka dasa ta. Wadda ke saman kunama, kan injin yana tare haskenta, sai inuwa ta faɗa daidai inda ake son gani. Wadda ke ƙasa kusa da batir tana haskowa sama ta fi. Wasu injinan ɗaure sukuru na DeWalt fitilu uku ne kewaye da bakin, don kada a samu inuwa. Sannan akwai wadda ke mutuwa da zarar an saki kunama, akwai wadda ke ƙara daƙiƙa goma ko ashirin. Mai wayarin da ke cikin silin, mai haɗa sola da ke ɗaure inbata a lungun ɗaki babu wuta, mai kafa kabad ɗin kicin, bakaniken da ke kwance ƙarƙashin mota, waɗannan sun san darajar wannan bambancin kuma za su ƙara kuɗi a kai. Kafintan da ke aiki a fili a 'Yan Katako ko mai walda a bakin titi, rana ta wadatar da su, ko sisi ba za su ƙara maka ba. A cikin masu shigowa shagonka su wa suka fi yawa? Nan ma littafi ne zai faɗa.

Sansa kuwa suna ɗaya ne da ake laƙaba wa abubuwa daban-daban, kuma a nan ake cutar 'yan kasuwa. Akwai wadda ke cikin batir tana auna zafi ta yanke wuta. Wannan wajibi ce, ba ado ba, duk batirin kirki yana da ita. Akwai yanke wuta idan nauyi ya yi wa inji yawa, wannan injin take karewa. Sannan akwai ta gaske mai tsada, wadda ke jin lokacin da baki ya cije gangar injin ta fizgo za ta murɗe hannun mai aiki, sai ta kashe moto nan take. Bosch suna kiran tasu KickBack Control, Makita suna da AFT, Hilti suna da ATC, Milwaukee suna da AutoStop. Wannan tana ceton wuyan hannu, kuma ga wanda ke kan tsani da babban injin fasa kankare tana iya ceton rai. Amma na sha ganin kwali an rubuta sansa, da aka bincika ashe zoben nan ne mai lambobi da ke sakin baki idan sukuru ya ɗauru, wanda ƙarfe ne da sifirin kawai, kuma an daɗe ana yin sa. A bidiyo dukansu tsayawa suke yi. Ƙanin matarka ba ƙarya ya yi maka ba, abin da aka nuna masa ya nuna maka. Shi dai ba mai huda bango ba ne, kai kuma sayen kaya ta bidiyo cinikin biri a sama ne.

Ga abin da ya fi damuna. Tsohon injin da ka saba sayarwa, idan ya tsaya, mai gyara zai buɗe ya canza kabon, ko kunama, ko ya sake naɗa koyil, gobe ma'aikaci ya koma bakin aikinsa. Shi ya sa sasantawarka take tafiya tsawon shekara shida ba tare da ka ji zafi ba: masu gyara ne suke rufa maka asiri ba ka sani ba. Sabbin injinan nan da yawansu ba su da kabon, fanel ne, wato ɗan allon lantarkin da ke ciki, ke juya moto, shi ke kunna fitila, shi ke karanta sansa, kuma galibi an zuba masa danƙo ya daskare don kada ƙura da ruwa su shiga. Idan ya ƙone ba a gyarawa, sai dai a sa wani. Idan babu wani a Kano, injin dubu 70 ya zama na ajiyewa. Wanda ya saya ba zai je Guangzhou ba, Ƙofar Ruwa zai zo, ya tsaya a bakin shagonka yana faɗa a gaban masu ciniki. Ma'aikatan nan kuma a wurin aiki ɗaya suke haɗuwa, labari ɗaya ya isa ya zagaye su.

Na taɓa zama da wani mai shago irin naka da ya riƙe littafi na wasu watanni bisa matsin da na yi masa. Shi a zatonsa injinan ne ba su da kyau, har yana shirin daina kawo su. Da muka duba shafukan sai ga shi yawancin abin da ake dawowa da shi caja ce, kuma kusan duk a hannun masu caji da ƙaramin janareta. Injin lafiyarsa ƙalau. Ya samo caja mai inganci ya riƙa sayarwa daban, ya ajiye batir na ƙari, ya riƙa gargaɗin mai saye tun a shago. Abin da yake ɗauka asara ya koma masa hanyar ciniki ta biyu. Bai fi ka basira ba, rubutawa kawai ya yi.

Shawarata ita ce kada ka tura miliyan 9. Gobe ka sayi littafi mai bango mai kauri, duk abin da ya fita ka rubuta rana, irin inji, lambar jikinsa da sana'ar mai saye. Duk abin da ya dawo ka rubuta rana, abin da ya lalace da abin da sasantawar ta ci maka, ko da dubu biyu ce ka ba mai gyara. Ka zauna da yaran shagonka da mai gyaran da kuke kai wa, ku tuno na watanni shida da suka wuce gwargwadon iko. Wata uku kacal zai nuna maka abin da shekara shida ba ta nuna maka ba.

A cikin wannan lokacin ka ce wa surukinka ya turo guda goma, ko da kowanne zai fi tsada. Ɗaya ka kai wa mai gyara ya warware shi gaba ɗaya, ya ƙirga ƙwayoyin batir, ya duba ko akwai fanel ɗin kariya a ciki, ya gaya maka wace irin sansa ce. Sauran ka raba wa ma'aikata masu sana'a daban-daban a farashin sari, da sharaɗin su dawo maka da labari bayan wata biyu. Ka rubuta abin da suka faɗa, har da wanda ya ce fitilar ba ta dame shi ba. Ka kuma sa a tambayi masana'antar, ba dillalin kasuwa ba, tambaya uku: za su sayar maka da fanel, kunama, caja da batir daban? Batirin nan yana shiga giranda da sauran injinansu? Suna da takardar gwajin UN38.3? Ita wannan takardar masu jigila na neman ta, domin batirin litiyum kaya ne mai haɗari a dokar sufuri, kuma tun 2016 aka hana ɗaukar batir tsurarsa a matsayin kaya a jirgin fasinja. Ka tabbata dubu 45 ɗin da aka gaya maka ta haɗa da wannan, da SONCAP, wato takardar shaidar ingancin kaya ta hukumar SON, da kuɗin kwastan, da ɗauko kaya daga Legas. Kuma ka tuna wanda ya yi odar kaya kafin Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance, ya wayi gari a 2024 tana sama da 1,500. Kada ka bar kanka babu kuɗi a hannu.

Zancen riga 'yan layi kuma ka cire shi daga ranka. Masana'antun Yongkang da kasuwar Yiwu da ke ƙasar Sin a buɗe suke ga duk mai kuɗi, kuma bidiyon da ka gani yana wayar mutum ɗari. Idan kana son gwada kasuwar injin batir tun yanzu, ɗauki kwali biyu ko uku daga dilan kamfanonin da suka riga suka zauna a nan, irin su Ingco ko Total ko Bosch ko Makita, waɗanda batir ɗaya ke aiki a injina da yawa. Ribar kowanne ba za ta kai dubu 25 ba, amma wanda ya sayi injin huda zai dawo neman giranda da batir na biyu. Idan guda goman nan suka ci jarrabawa, odar farko kada ta wuce 50, kuma a cikin kuɗinta ka ware kashi ɗaya bisa goma na fanel, caja da batir na canji.