Tambayi Likita: Yara Za Su Hau Tsauni

Likita, 'yata mai shekara 11 tana da sikila. Makarantarsu za ta kai su yawon buɗe ido tsaunin Mambila, kuma ta hana ni sakat da kuka sai ta je. In bar ta? (Wata uwa, Jalingo)

Hajiya, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ba na son a riƙa tsare mai sikila a ɗaki alhali tsararrakinta na ganin duniya, amma wannan tafiyar sai an yi shiri.

Mambila tana kan tudu na kimanin mita 1,600 daga bakin teku. Yaro mai ƙoshin lafiya ba abin da zai ji sai sanyi da ɗan haki, domin ciwon hawa tsauni yawanci sai an haura mita 2,500 yake kama mutum, kuma ko Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ce. Mai sikila kuwa lissafinta daban ne. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya da raguwar iskar oksijin su ne ke lanƙwasa ƙwayoyin jininta har su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma a kan tsauni duka suke haɗuwa lokaci guda.

Ki kai ta wurin likitan da ke duba ta a auna yawan jininta. Idan ciwon ya tashi kwanan nan, ko an yi mata ƙarin jini, ko ya taɓa kama ta a ƙirji, ta haƙura da bana. Idan likitan ya amince, ta tafi da rigar sanyi mai kauri da safa da hula da magungunanta, ta riƙa shan ruwa ko ba ta jin ƙishi. Ta kalli gonar shayi ta Kakara da shanun da ke kiwo a kan tuddai, amma ban da tseren hawa dutse, ban da shiga ruwan sama.

Sannan ki zauna da malamar da za ta raka su, baki da baki. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, zazzaɓi, tafin hannu ya yi fari fat, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu inda saifa take: ko ɗaya aka gani, a nufi asibiti nan take, kada a ce bari gari ya waye.

Ni malami ne, zan jagoranci ɗalibai zuwa duwatsun Shere kusa da Jos. Idan maciji ya sari yaro, a ina zan ɗaure? (Wani malami, Bauchi)

Malam, kada ka ɗaure ko'ina. Ɗauri da igiya ko roba yana tsayar da jini ya ruɓar da nama, har ta kai ga yanke ƙafa. Kada a tsaga wurin da reza, kada a tsotse, kada a tsaya neman baƙin dutse. A kwantar da yaron, a cire masa takalmi da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a tallafe ƙafar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kububuwa. Yaro zai iya zama yana hira bayan sara, alhali dafin ya hana jininsa daskarewa, sai daga baya a ga jini a dasashi ko a fitsari. Maganin dafi na asibiti ne kaɗai ke warware wannan, don haka tun kafin ku tashi ka bincika wane asibiti ne ke da shi. Kowa ya sa takalmi rufaffe da dogon wando, kuma kada yaro ya cusa hannu a kogon dutse.

Biri ya yakushi ɗana yana miƙa masa biskit a gandun dajin Gashaka-Gumti. Ciwon ƙarami ne, na shafa man zafi. (Wani uba, Yola)

Alhaji, ku je asibiti yau. Cizo ko yakushin biri ana wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan likita ya duba batun allurar haukan kare da ta tetanus. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana kusan ba a tsira, allurar kuma tana aiki ne idan an yi ta da wuri.

Ruwan ƙorama a kan dutse garau yake. Yara za su iya sha? (Wata malama, Gombe)

A'a, Malama. Sama da inda kuka tsaya akwai shanu da mutane, kuma ƙwayoyin gudawa da taifot ba a ganinsu da ido. A tafasa shi, ko ku tafi da naku. Ki kuma hana su wanka a kududdufi saboda tsargiya, ki sa ƙunshin ORS, haɗin gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, a jakarki.