Tambaya da Amsa: Ina so in shirya Hilux ɗina don tafiyar daji, da me zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux mai injin dizal 3.0 mai turbo. Ina so in shirya ta don doguwar tafiya inda babu kwalta, mu riƙa kwana a hanya ni da iyali. Niyyata in sa a taɓa kwamfutar injin a ƙara mata ƙarfi, in ɗaga ta, in sa taya inci 33, in ɗora tanti a rufi. Da wanne ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ƙarin ƙarfin nan da ka sa a gaba, mayar da shi can ƙarshe. Nauyi da zafi ne suka fi kwantar da mota a daji, kuma kusan duk abin da ka lissafa ƙara su yake yi.

Ka fara da sikeli. A jikin motarka akwai ɗan faranti ko takarda da kamfani ya rubuta iyakar nauyin da aka yarda ta kai da kayanta. Hilux mai ƙofa huɗu ba ta cika ɗaukar fiye da tan guda ba, kuma har da mutanen da ke ciki. Yanzu yi lissafi: mutum huɗu wajen kilo 300, ruwa lita 80 kilo 80 ne cif, ƙarin dizal lita 60 wajen kilo 50, tantin rufi kilo 60 ko fiye, bambar ƙarfe da injin jan mota su ma za su kusan kilo 80. Ba a zo kan firiji, batir na biyu, safayar taya da akwatin kayan aiki ba. Kafin ka ankara ka cinye lodinka. Loda ta kamar yadda za ka yi tafiya, ka hau sikelin manyan motoci, a auna gaba daban, baya daban. Da wannan adadin ake zaɓar sifirin da shoka, ba da ido ba.

Ɗagawa kuwa, inci 2 ya wadatar. Ƙafar gaban Hilux kowace da kanta take motsi, idan ka wuce haka shaf ɗin gaba zai karkace da yawa, robarsa ta yage, ƙasa ta shiga, ya fara ƙara a kwana. Tantin rufi ma yana ɗaga nauyi sama, sai motar ta riƙa rinjaya a gangare. In da hali, kafa shi a kan bodin baya, ƙasa da tsayin rufi.

Taya inci 33 tana da kyan gani, ban musa ba. Amma daga 31 zuwa 33 ka ƙara kusan kashi 6 cikin ɗari a kewayenta: motar za ta yi nauyin tashi, birki ya ƙara wahala, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya, in giyarka otomatik ce ta ɗauki zafi. Ga wuyar samun irinta in ta fashe a nesa. Taya mai ƙarfin gefe a girman da ya kusanci na kamfani ta fi maka, tare da famfon iska na lantarki. A yashi mai laushi, rage iska zuwa wajen psi 18 yana yin abin da ƙarin ƙarfin doki 30 a inji ba zai yi ba.

To, mu zo kan injin. Taɓa kwamfuta ma'anarsa ƙarin mai, ƙarin mai kuma ƙarin zafin hayaƙi. Mota mai lodi tana hawan tudu a giya babba, ƙafa a ƙasa, nan ne zafin yake haurawa alhali allurar ruwan lagireto ba ta ko motsa ba. Shi ya sa nake cewa a sa agogon auna zafin hayaƙi tukuna, a dasa bakinsa kafin turbo. Idan ya daɗe sama da digiri 700 na Celsius, sassauta ƙafa ka sauko da giya, don fistin na alminiyam ne. In injinka samfurin 1KD-FTV ne, an san shi da matsalar washar injekta: in ta fara yoyo, baƙin hayaƙi ya gauraya da baƙin mai ya toshe ragar da famfon baƙin mai ke tsotsa ta ciki, inji ya mutu da ƙishirwar baƙin mai. Sa bakanike ya duba injektocin da washarsu kafin a yi zancen ƙarfi. Bayan aiki mai nauyi kuma, bar injin yana silo minti biyu kafin ka kashe, turbo ya huce.

Abin da zan sa maka da wuri shi ne filtar dizal ta biyu mai raba ruwa. Irin wannan injin yana tura dizal da matsi mai tsananin ƙarfi, ɗigon ruwa ko ƙura daga jarka ya isa ya lalata famfo da injekta gaba ɗaya. Sai bututun shaƙar iska da ake ɗagawa gefen gilashi. Mutane suna ɗauka don ƙetare rafi ne kawai, alhali ribarsa ta kullum ita ce jan iska daga sama, nesa da ƙurar taya. In za ka shiga ruwa, a ja bututun numfashin aksul da na giyabos sama, in ba haka ba ƙarfe mai zafi ya huce farat ɗaya ya zuƙi ruwa.

Idan ka gama waɗannan, yi gajeriyar tafiya da cikakken lodi kana kallon agogon zafin. In har a lokacin ka ga tana gazawa a tudu, dawo mu yi maganar kwamfuta, amma in motarka mai kuloch ce ka tanadi mai ƙarfi, don na kamfani shi ne zai fara zamewa.