"Ƙungiyarmu ta koma asibiti": amsoshin likita ga 'yan ƙwallo

Tambayoyin wannan karon daga 'yan ƙwallo suka zo, rabi tsiya, rabi neman sani. Na ɗauki waɗanda amsarsu za ta amfani mai zama a gidan kallo da mai bugawa a filin unguwa.

Tambaya: Likita, ni ɗan Madrid ne. A gidan kallonmu sunanmu ya koma "Asibitin Bernabeu". Courtois, Militao, Alaba, Carvajal, duk gwiwa. Wace irin jijiya ce ke cin shekara guda? Ko sammu aka yi mana?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, babu wanda ya binne muku laya a raga. A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, suna ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban ita ce 'yan jarida ke kira ACL. Aikinta hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa. Yawanci ba dukan abokin karawa ke tsinka ta ba. Ɗan wasa ne zai kafa ƙafa a ƙasa, ƙusoshin takalmi su riƙe ciyawa, jiki ya juya ƙafa ba ta juya ba, gwiwa ta lanƙwashe ciki. Ko ya yi tsalle ya sauko da ƙafa ɗaya a miƙe. Sau da yawa zai ji ƙara "ɓas", kuma cikin 'yan sa'o'i gwiwar ta kumbura saboda jini ya taru a ciki. Courtois a wajen atisaye ma ya ji nasa, a watan Agustan 2023. Kwana biyu bayan haka Militao ya bi shi a wasan Bilbao, Alaba kuma a Disamba. Na Carvajal a Oktoban 2024 ya fi muni, don jijiyoyi uku suka tafi lokaci guda.

Abin da ke cin lokaci shi ne wannan jijiyar ba ta cika haɗewa da kanta ba, kuma ba a cika ɗinke ta ba. Wata ake yankowa daga jikin ɗan wasan, daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ko daga bayan cinya, a huda ƙasusuwan biyu a zura ta a ɗaure. Tiyatar kanta awa ɗaya zuwa biyu ce. Amma abin da aka dasa sai jiki ya shimfiɗa masa sababbin hanyoyin jini, kuma kafin ya yi ƙwari sai ya yi rauni tukuna, tsakanin mako na shida da na goma sha biyu. A daidai lokacin ne kuma zafi ya tafi, ɗan wasa ke jin ya warke. Nan haɗarin yake.

Tsarin dawowa kusan haka yake: makonnin farko a sauke kumburi, a samu gwiwa ta miƙe sarai. Daga nan keken motsa jiki da ƙarfafa tsokar gaban cinya, wadda ke ramewa da sauri. Gudu a miƙe ba ya farawa sai wajen wata uku zuwa huɗu. Yanka da juyi da ƙwallo sai wajen wata shida. Wasa kuwa, mafi aminci daga wata tara zuwa shekara, kuma sai ƙarfin ƙafar ya kai aƙalla kashi 90 cikin ɗari na lafiyayyar. Wanda ya taɓa tsinka ɗaya, haɗarin ya sake tsinka ta ko ta ɗaya gwiwar ya fi na sauran mutane. Militao ta hagu ya fara tsinkawa, a Nuwamban 2024 kuma ta dama ta tafi. Duk da haka ka tuna wa masu yi maka tsiya cewa Courtois ya dawo ya tsare raga a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Wembley a 2024, kuma kun ɗauki kofin.

Tambaya: Mu 'yan Arsenal a kakar 2024/25 har Merino ɗan tsakiya muka tura gaba ya ci mana ƙwallo. Saka, Havertz, Gabriel, kowa ya dafe bayan cinya. Cinyar tasu ta takarda ce?

Amsa: Tsokoki uku ne a bayan cinya, daga ƙashin mazaunai suke saukowa har ƙasan gwiwa. Idan mutum ya kwasa da gudu, a daidai lokacin da ya wurga ƙafa gaba kafin ta taɓa ƙasa, tsokokin nan suna miƙewa kuma suna taka burki a lokaci ɗaya. A wannan ƙiftawar ido suke yagewa, musamman ta gefen waje. Shi ya sa za ka ga mutum yana tsala gudu, babu wanda ya taɓa shi, sai ya ja tunga ya kai hannu baya.

Yagewar mataki uku ce. Ƙarama, mako ɗaya zuwa uku. Matsakaiciya, mako huɗu zuwa takwas. Idan kuwa jijiyar da ke haɗa tsokar da ƙashi ce ta tsinke ko ta ɓalle, to sai tiyata da wata uku ko fiye. Saka ya ji nasa a wasan Crystal Palace a Disamban 2024, aka yi masa aiki, bai dawo ba sai 1 ga Afrilun 2025, a wasan Fulham, kuma a wannan wasan ne Gabriel ya yage tasa. Ba ku kaɗai ba ne: binciken raunuka da hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ke yi a manyan ƙungiyoyi tun 2001 ya nuna ciwon bayan cinya ya tashi daga kashi 12 zuwa kashi 24 cikin ɗari na dukkan raunuka a cikin shekara kusan ashirin. Wasan ya ƙara sauri, gudun ya ƙaru.

Halin wannan ciwon shi ne dawowa, musamman a makonnin farko bayan komawa fili, domin zafi yana riga ƙarfi dawowa. Akwai atisaye guda da aka tabbatar yana rage shi da kusan rabi, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Ka durƙusa a kan gwiwoyinka a wuri mai laushi, abokinka ya danne maka ƙafafu ta wajen idon sawu. Jikinka a miƙe daga gwiwa har kai, ka riƙa sauka gaba sannu a hankali kana riƙe kanka da bayan cinya, har sai ka kasa, sannan ka tare da tafin hannu ka tunkuɗo kanka sama. Makon farko sau biyar, ka huta, ka ƙara biyar, rana ɗaya kawai a mako, don cinyar za ta yi tsami. A hankali ka kai sau takwas zuwa goma sha biyu, zagaye uku, kwana uku a mako. Bayan mako goma, sau ɗaya a mako ya isa. Kuskuren da aka fi yi shi ne lanƙwasa ƙugu ana turo mazaunai baya; idan aka yi haka aikin ya tashi a banza.

Tambaya: To laifin wa? Mu dai mun ce a kori likitocin ƙungiya gaba ɗaya.

Amsa: Ku bar mana abokan aiki su ci abinci. Ƙungiya mai 'yan wasa 25 tana samun rauni kusan 50 a kaka guda, wato kowa kusan biyu. Wannan shi ne na kullum. Abin da ke ƙara shi cinkoson wasanni ne. Tsoka tana buƙatar aƙalla kwana uku kafin ta farfaɗo daga wasa mai zafi, kuma raunin tsoka ya fi yawa idan tazarar wasanni kwana huɗu ce ko ƙasa, idan aka kwatanta da kwana shida ko fiye. Zagayen farko na Kofin Zakarun Turai ya tashi daga wasa shida zuwa takwas a 2024, ga gasar ƙungiyoyin duniya mai ƙungiya 32 da aka yi a Amurka a 2025 lokacin da ya kamata a huta. Rodri na Manchester City ya fito ya ce 'yan wasa sun kusa shiga yajin aiki a Satumban 2024. Ba a yi mako guda ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan Arsenal, ya je karɓar Ballon d'Or da sandunan dogarawa. Kuma rauni yana haifar da rauni: mutum uku sun kwanta, sauran ba su samun hutu, sai su ma su bi.

Tambaya: Wannan ruwan da ake fesa wa ɗan wasa yana birgima sai ya miƙe da gudu, a ina ake sayar da shi?

Amsa: Sanyi ne kawai. Yana kashe zafin fata na 'yan mintuna, ba ya warkar da komai. Wanda ya miƙe bayan an fesa masa, dama bugu ne ya samu, ko kuma alƙalin wasa yake wa wasan kwaikwayo. Wanda ya fi damuna shi ne mai haɗiyar tiramadol don ya buga da ciwo. Zafi shi ne ke gaya maka ka tsaya. Ka kashe shi ka ci gaba, ƙaramar yagewa ta zama babba. Ga jaraba, ga farfaɗiya idan an sha da yawa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024.

Tambaya: Likita, ni a unguwa nake bugawa. Na gurɗe a idon sawu, ya kumbura. Baba ya ce a kai ni wajen mai ɗori, abokaina sun ce a gasa da ruwan zafi. Wanne zan bi?

Amsa: Ɗan'uwa, a kwana biyun farko kada ka bi ko ɗaya. Fara bambance targaɗe da karaya. Za ka iya taka ƙafar taku huɗu, ko da ɗingishi? Danna ƙashin idon sawun ta gefen bayansa, ciki da waje, daga tsininsa zuwa sama kamar faɗin yatsu huɗu, sannan ka danna ƙashin da ya ɗan turo a gefen ƙafa ta wajen ƙaramin yatsa. Idan ba ka iya takun ba, ko zafin a kan ƙashin yake ba a naman da ke kewaye ba, je a yi maka hoton ƙashi. Idan ƙafar ta karkace, ko yatsu sun yi sanyi ko sun daina jin taɓi, ko akwai rauni a buɗe, asibiti kai tsaye. Ga na kusa da Kano akwai asibitin ƙashi na Dala.

Idan targaɗe ne: naɗe ƙanƙara a tsumma, ko ledar ruwa mai daskarewa, ka ɗora minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku. Kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye. Ɗaure da bandeji mai talewa daga gindin yatsu zuwa tsakiyar ƙwauri, ba tamau ba, yatsa ya iya shiga ƙarƙashinsa, ka kwance da dare. Idan ka kwanta, ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirjinka tudu. Ruwan zafi, man zafi, murza da ja duk suna ƙara zubar jini a ciki, kumburi ya ƙaru. Ɗaurin kara mai matsewa a kan ƙafar da ke kan kumbura yana iya toshe jini, kuma ta wannan hanyar ake rasa ƙafa.

Don zafi, babba ya sha farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk awa shida zuwa takwas, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini. Ibuprofen miligiram 400 bayan cin abinci, na 'yan kwanaki kawai, kuma ban da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Daga kwana na uku fara takawa gwargwadon yadda zafi ya bari, kana juya ƙafar sama da ƙasa da gefe. Sannan ka koyi tsayuwa da ƙafar ita kaɗai na daƙiƙa 30, sau da yawa a yini, daga baya da ido a rufe. Wannan ne ke hana ta sake gurɗewa, kuma shi ne kowa ke tsallakewa. Kada ka koma fili sai ka iya tsalle da ita sau goma da gudu mai yanka ba zafi: mako biyu ga ƙarami, shida ko fiye ga babba.

Tambaya: Awoniyi ya bugi turken raga, ya tashi ya ci gaba, sai muka ji yana asibiti rai a hannun Allah. Yaya haka?

Amsa: A nan tsiya ta ƙare. A watan Mayun 2025 ne, a wasan ƙungiyarsa Nottingham Forest da Leicester, kuma washegari aka shiga da shi tiyatar gaggawa ta ciki. Bugun ciki yana iya fasa hanji ko saifa ba tare da ko ƙwarzane a waje ba, kuma alamun suna ɗaukar sa'o'i. Duk wanda ya sha bugu a ciki sannan zafin yana ƙaruwa, cikin ya yi tauri, ko amai, ko jiri, ko gumi mai sanyi, ko zafi a kafaɗar hagu, kada a ba shi abinci ko ruwa, a kai shi asibitin da ake tiyata.

Haka wanda ya yanke jiki ya faɗi babu wanda ya taɓa shi, kamar Samuel Okwaraji a Legas a 1989, da Eriksen a 2021. A ɗauka zuciya ce. Kada a tsaya yayyafa ruwa, fifita ko cusa cokali a baki. Idan bai amsa kira ba kuma ba ya numfashi daidai, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, a riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wani ya nemo mota, a riƙa karɓar mai dannawa duk minti biyu, kuma kada a tsaya ko a cikin motar. Eriksen da wannan dannawar da na'urar farfaɗo da zuciya aka ceto shi a cikin fili, bayan wata takwas kuma ya koma buga wasa a Brentford.