Me ya mai da cikin fadar Bodiyam kango?

Tambaya: Malam, na ga hoton wata tsohuwar fada a Ingila, Bodiyam, ruwa ya kewaye ta. Daga waje kamar ba abin da ya same ta, ciki kuwa kango. Yaƙi ne ya ci ta? Shi kuma ruwan na mene ne?

Amsa: Malam, ba yaƙi ne ya ci ta ba, ko da yake da sunan yaƙi aka gina ta. A 1385 Sarki Richard na Biyu ya ba wani barde, Edward Dalyngrigge, izinin ginin kusa da kogin Rother, a kudu maso gabashin Ingila. Lokacin Faransawa sun addabi gaɓar teku, har sun ƙone garin Rye a 1377. Shi barden a yaƙin Faransa ya tara dukiya, filin kuwa ta hanyar aure ya same shi.

Ruwan gwalalo ne, irin ramin bayan ganuwa, sai dai wannan maɓuɓɓugai ke cika shi. A da mai shiga sai ya bi gadar katako ta gefe zuwa wani ɗan tsibiri, gefensa na dama da ba garkuwa yana fuskantar maharba. Duk da haka masana sun daɗe suna gardama ko ginin zai iya tare mayaƙa. Tudun ƙasa ne ya riƙe ruwan, maƙiyi na iya fasa shi ruwa ya tsiyaye, ga kuma manyan tagogi a bango. Ni dai ina tare da masu cewa rabin aikin nuna isa ne: baƙo ya hango hasumiyoyi tun daga nesa, ya san gidan wa ya zo. Bandakunan gidan ma, kada a manta, cikin ruwan nan suke zuba.

Rushewar ta biyo bayan yaƙin basasar shekarun 1640 tsakanin sarki da majalisa. Mai gidan, John Tufton, ɗan ɓangaren sarki ne, majalisa ta ci shi tara, ya sayar da fadar don ya biya. Daga baya aka warware ɗakunan ciki, aka bar bangon waje. John Fuller ya saye ta a 1829 don kada a ƙarasa ta, Lord Curzon, wanda ya mallake ta daga baya, ya yi gyara, ya rasu a 1925 ya bar wa ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi.

Yau akwai hasumiyoyin, da rijiya, da gurabun murhu a jikin bango, da tsohon kyauren katako mai sauka daga sama a babbar ƙofa.