Amsa ga mai tambaya kan rubuta labaran ban dariya na ƙauye

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce in kana ba da labari a majalisa har riƙe ciki ake yi, amma da ka rubuta shi sai ya yi lami, kuma kana tsoron kada dangi su gane kansu su yi fushi. Duka biyun sun same ni, bari in ba ka nawa.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. A Fabrairun 2023, lokacin wahalar canjin kuɗi, uwargida ta ba ni akuyarta in kai kasuwar Gujungu ran Lahadi. Dillali ya kawo mai saye, muka daidaita, na ce na sallama. Sai mai sayen ya ce ba shi da tsaba, sai dai taransifa. Ya nuna min wayarsa wai kuɗi sun fita, ni kuwa alat shiru. Na ce ba zan saki igiya ba, shi ma ya ce bai ga mai raba shi da ita ba. Haka muka yini mu uku, ni da shi da akuya, dillali na biye saboda la'adarsa. Da azahar bi da bi muka yi salla. Muna cikin gardama akuya ta tura baki a kwandon tumatirin wani bawan Allah, aka rasa mai biya: ni na ce na sayar, shi ya ce bai karɓa ba. Sai bayan la'asar, ina tsaye kan amalanke ina neman sabis, alat ya shigo. Da na koma gida na nuna wa uwargida waya, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, yanzu akuyar tawa ce ta koma rubutu?"

Karon farko da na ɗora labarin nan a Facebook, sai da na yi sakin layi uku ina bayanin manufar Babban Banki, kamar ina gaban 'yan aji shida. Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba. Na goge, na sake farawa daga "Ba zan saki igiyar nan ba." Ciwonka ke nan, ina jin. Da mun ɗauki biro sai mu sa babbar riga, mu koma Hausar labaran rediyo. Yanzu kafin in rubuta, sai in kunna waya in ba da labarin da baki yadda zan ba abokai a teburin mai shayi, sannan in kwafe. Yadda mutum ya faɗi magana haka nake barinta, ko da karin harshen Haɗejawa ne. Kuma kada ka bayyana inda dariyar take, kada ka cika mana shafi da "hahaha". Ka nuna kwandon tumatirin kawai ka wuce.

Ka lura kuma wane ne wawa a labarin akuya. Ni ne. Wanda ya fara zolayar kansa, ba a cika jin haushinsa in ya ɗan taɓa wani.

Maganar dangi kuwa, nan na ƙone. Na taɓa rubuta yadda gwaggona take ɓoye goro a tulu tana ce wa baƙi ya ƙare. Na canja mata suna, na ɗauka shi ke nan. Ashe a ƙauye canja suna aikin banza ne, kowa ya san gidan da ke da tulu mai fasasshen baki a gindin darbejiya. Wata yarinya ta karanta wa mata shi a gidan suna, gwaggo na zaune. Tun daga shuka har aka yanke gero ba ta amsa gaisuwata da daɗi ba, sai da na haɗa da Baffa da ƙwaryar goro.

Mu ai muna da hanyoyin da aka riga aka share. Taubashinka, kakarka, abokin wasan gari kamar Bakano da Bazazzagi ko Bafillace da Babarbare, duk naka ne, ka yi ta caccaka. Suruki dai a bar shi. Haka ciwo, rashin haihuwa da rashin abin hannu na wani, ban taɓa ganin sun yi kyau a rubuce ba.

Yanzu duk wanda zai shiga labarina, ina zuwa in karanta masa tukuna. Rabinsu ma ƙara min gishiri suke yi. Ita kanta gwaggo ranar nan aikowa ta yi in je, wai tana da labarin kishiyarta da take so in sa a waya. Na ce mata cajina ya ƙare.