Kuɗin Sauyin Yanayi: Ƙari ne ko Sauya Suna?

Tambaya: Malam, shin kuɗin da ƙasashe masu arziki ke alƙawartawa domin tinkarar sauyin yanayi ƙari ne a kan tallafin raya ƙasa, ko kuwa daga jikinsa ake yankowa? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Malama, damuwarki tana kan hanya, domin wani ɓangare na kuɗin tsohon tallafi ne da aka sauya wa suna. A taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Kopenhagen a 2009 an yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, amma ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta OECD, wadda akasarin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, ta ce sai a 2022 aka cika shi, kuma kaso mafi tsoka na abin da gwamnatoci suka bayar rance ne. Wannan ya fi damuna, domin ƙasar da ambaliya ta rusa wa gadoji da asibitoci, alhali bashi ya riga ya yi mata katutu, ba ƙarin bashi take buƙata ba.

A taron Baku na 2024 an ɗaga adadin zuwa dala biliyan 300 duk shekara nan da 2035. Sai dai muddin ba a raba lissafin kuɗin sauyin yanayi da na tallafin raya ƙasa a fili ba, ina fargabar kasafin lafiya da na ilimi ne za su ci gaba da raguwa.