Wilin karbon na hannu: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina hawan keken tsere ranakun Lahadi, daga Yamai mu bi hanyar Kollo, kuma kullum abokan hawa suna barina a baya. An yi mini tayin wilin karbon (wani zare mara nauyi da ake daskararwa da gam, ba ƙarfe ba) na hannu jaka 250, wai ya fi nawa rashin nauyi da giram 400. Kuɗin adashe ne, tsoro nake kar in zubar da su. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Idan kai da kekenka da gorar ruwa kun kai kilo 80, giram 400 rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari. A hawan tudu na minti 10, abin da za ka rage bai wuce daƙiƙa 3 ba. To ina ma tudun a hanyar Kollo? A shimfiɗaɗɗen titi iska ce ke cinye ƙarfinka, kuma jikinka ne ya fi tare ta. Wili mai zurfin baki yana ɗan taimakawa a nan, amma ranar da iskar hunturu ta bugo ka daga gefe, za ka ji kan keken yana neman ƙwacewa.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne "na hannu" ɗin nan. Kullum sai na ji wani na cewa karbon ya fi ƙarfe ƙwari, wai ba ya karyewa. Wa ya gaya musu? Wilin aluminiyom in ya faɗa rami lanƙwasa yake yi, ka gani da idonka, a ɗaure sufok a miƙe shi. Karbon kuwa tsagewa yake ta ciki, fenti na sheƙi a waje, sai ranar da kake gangarowa da gudu ya fashe gaba ɗaya. In na gaba ne, fuska ce ke fara isa kwalta.

Sannan ga masu gyaran ganin dama: su ɗiga gam a tsagar, su goge, su fesa baƙin fenti, su ce ya dawo sabo. Wallahi wannan wasa da rai ne. Wasu kuma su bar masa robar birki ta aluminiyom, wadda ɓurɓushin ƙarfe da yashi suka maƙale a jikinta, tana kankare bakin wilin duk lokacin da aka ja birki. Karbon robarsa daban ce.

Idan har ranka ya biya, cire tayar ka duba bakin a rana, musamman gindin kowane sufok. Ƙwanƙwasa shi da kwabo zagaye. Inda amon ya mutu, ajiye musu kayansu. Wanda ba shi da sunan kamfani ma kar ka tsaya tayawa.

Ni dai da kuɗin nawa ne, tayoyi masu kyau masu faɗin milimita 28 zan fara saya, masu jure tsidau, in canza kaca, in rage ɗura iska fiye da kima. Duka ba za su ci rabin adashen ba.